Kiran Wule

Wata bakwai Jaye ya yi a ɗakin baƙi na gidan Magaji, can ƙarshen Gidan Sori, bai yi taki goma daga bakin ƙofa ba. Mutumin da aka haifa a bayan shanu, wanda a da ko ruwan sama ba ya kora shi ƙarƙashin rufi, shi ne ya koma zaman ɗaki kamar kaza mai kwanci. Aikinsa daga safe zuwa yamma tufkar igiya. Matarsa Asta ta jiƙa masa kaba, shi ya tufka, ita ta ɗauka ta zaga gari. To amma a shekarar da fari ya share garke bayan garke, wa ya rage da abin ɗaurewa? Igiya ta yi kwantai, ta taru a kusurwar ɗaki har ta kusa kai ƙugun mutum, shi kuwa bai fasa tufka ba.

Abin ya samo asali tun daminar alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Jaye ya kora shanunsa arba'in da ɗaya arewa kamar yadda ya saba, ya tarar ƙasa ko tsinke ba ta fitar ba. Da ya juyo da su kudu suka fara faɗuwa ɗaya-ɗaya a hanya. Tara suka rage ranar da ya iso wata rijiya a tsakiyar wani fili fetal, babu itace ko na rataya gora. Makiyaya sun fi ɗari suna turereniya a bakinta, kowa da gugansa, shanu na kuka, rana ta take. Yana tsakiyar mutane ya ji ƙirjinsa ya cushe. Zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, hannuwansa suka yi sanyi, ƙasa ta fara juyawa da shi, ya tabbata ajalinsa ne ya zo. Bai mutu ba, ya dai faɗi. Da ya dawo hayyacinsa, huɗu daga cikin shanun na kwance ba za su sake tashi ba, sauran sun bi garkunan mutane sun ɓace. Asta ce ta roƙi wani mai raƙumi ya ɗauko shi.

Gidan Magaji suka nufa, don ba su da inda ya fi nan. Magaji manomi ne, gajere mai yawan magana, kuma tun zamanin iyayensu shanun gidan su Jaye ke sauka a gonarsa da kaka, su ci kara su bar taki, a sallami makiyayi da damman gero. Bai tambayi komai ba, ya share ɗakin baƙi ya ce su shiga. Shi ma ba wani abu gare shi ba. Rumbunsa ya ƙare da wuri, gidan na rayuwa da jar dawar da ake rabawa in kamyo, wato babbar motar agaji, ya zo, da anza, 'ya'yan wani itacen daji da matarsa Tani ke jiƙawa kwana da kwanaki tana sake mata ruwa kafin ɗacin ya fita. A kan wannan ɗan abin aka ƙara baki biyu, kuma ba wanda ya taɓa jin Magaji ya yi tsaki.

Sai dai abin da ya kama Jaye a rijiya ya biyo shi har Gidan Sori. Ƙofar ɗakin waje take kallo. Ranar farko da ya fito zai bi Magaji masallaci, da ya hangi filin da ke gaban gidan ya miƙe har inda ido ya ƙare, abin ya taso masa sabo fil. Da rarrafe ya koma ɗaki, kuma da shigarsa ya ji sauƙi. Ya sake gwadawa sau biyu, duka biyun ya koma a guje, daga nan ya haƙura. In an tambaye shi sai ya ce ƙafa ce ke damunsa, domin Bafulatani ya gwammace a ce gurgu ne da a ce tsoro yake ji. Kowa ya san ƙafar lafiyarta lau, kowa kuma ya riƙa yi masa sannu da ƙafa.

Mutanen gari suka ce iska ce ta buge shi a fili. Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi har Asta ta kama tari. Magaji kuma, saboda tsabar tausayi, ya ciro zanan gamba biyu daga dangar gidansa ya kafa su a gaban ƙofar ɗakin, don baƙonsa ya sami wurin alwala da shan iska ba tare da idonsa ya faɗa kan fili ba. Ya hana kowa ce masa ya fito. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma Jaye ya ji daɗin zanan nan ƙwarai. Daga ranar duniyarsa ta koma taki shida.

Ana tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, Ɗanasabe mai amalanken jaki ya dawo daga kasuwar Gidan Rumji, ya zarce gidan Magaji ko ruwa bai sha ba. Ya ce ya ga wata jar saniya mai farin goshi a tike, wato inda ake cinikin dabbobi, ramammiya har ana ƙirga haƙarƙarinta, ƙahonta na hagu ya ɗan karkace, kunnenta da tsagar gidan su Jaye. Wani dillali mai suna Ado ne ya kawo ta, ya ce a hannun wani baƙo ya saye ta, mahauta kuma har sun fara zagaya ta. Ɗanasabe ya sha ganin saniyar a gonar Magaji, sai ya ɗaga murya ya ce tana da mai ita. Aka kai magana gaban sarkin tike. Sarkin tike ya ce tsagar kunne ba ta isa shaida ba, don duk dangin su Jaye haka suke tsagawa, daga nan har garin Cadawa. Abin da aka saba shi za a yi: a kwance saniya a tsakiyar tike, mai ita ya tsaya daga nesa ya kira ta, in ta je wurinsa tasa ce, Ado ya je ya nemi baƙonsa. Ya ba da kasuwa uku. In ta uku ta watse ba wanda ya kira ta, mahauta su ɗauka.

Jaye na bayan zana yana saurare. Igiyar da ke hannunsa ta suɓuce.

"Wule," ya ce, bai san a fili ya faɗa ba.

Asta ta ce ita za ta je, amma tun kafin ta rufe baki ta san zuwan nata ba shi da amfani. Uwar Wule ta mutu tana 'yar maraƙa, Jaye ne ya raine ta da ƙoƙon nono a hannu, ta tashi ba ta amsa kiran kowa sai nasa. Ko tatsa Asta ba ta iya yi mata sai yana tsaye kusa. Kuma Wule ba saniya ce kawai ba. Ita kaɗai ta rage daga irin shanun da uban Jaye ya gada a wurin nasa uban. In ta shiga hannun mahauta, ko gobe ruwa ya dawo ciyawa ta kai gwiwa, Jaye ba shi da abin da zai fara da shi.

Magaji mutum ne mai gaggawa. Da kasuwa ta farko ta zagayo ya ce ai abu mai sauƙi ne, a lulluɓe Jaye da bargo a ɗora shi kan amalanke, in bai ga fili ba ai fili bai gan shi ba. Haka aka yi, cikin wannan zafin. Ba su wuce gonakin bakin gari ba Jaye ya ji numfashinsa na yankewa, ya yaye bargo, fili ya buɗe masa ta kowane gefe. Ya diro ya sheƙa gida da ƙafar da aka ce tana ciwo, Magaji na biye da takalmi a hannu bai cim masa ba. Ranar Jaye bai ci komai ba. Ya juya fuska bango, kunya da baƙin ciki suka haɗe masa, Asta kuma ta zauna a bakin ƙofa tana ɓare anza.

Kashegari da hantsi Magaji ya zo ya tsuguna jikin zana ta waje. Ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke, abin da ba halinsa ba ne, sannan ya ce, "Jaye, in tambaye ka. Shekarar nan da kunka sauka gonata Wule tana karsana, ba ita ce ba ta zuwa rijiya ba? Da ta ji hayaniya sai ta tsinke igiya. Mi ka yi mata har ta bari?"

Ko a bakin kabari ka tambayi makiyayi zancen saniya sai ya amsa. Jaye ya juyo. Ya ce da farko ruwa yake kai mata a ƙwarya don tausayi, sai ya lura kullum ƙara nisa take da rijiyar, har ta kai ko hanyar ba ta son kallo. Sai ya daina. Ya riƙa jan ta da igiya zuwa daidai inda jikinta ke fara rawa, ya tsaya nan, ya tsuguna kusa da ita. Ba ya jan ta gaba, ba ya barin ta ta koma.

"In ka mai da ita tana rawar jiki, gobe ko nan ba ta zuwa," ya ce. "Jira za ka yi. Sai ka ga ta fara tuƙa, to hankalinta ya kwanta, sannan ku koma. Gobe ka ƙara taki goma."

Magaji ya ɗaga kai ya dubi zanan da ya kafa da hannunsa, ya daɗe yana duban su. "Ashe wata bakwai ni ke kai maka ruwa a ƙwarya," ya ce.

Jaye ya gane inda zancen ya dosa, ransa ya ɓaci, ya tambaya ko yanzu shi ne ya zama karsana. Magaji ya ce ina, ai karsanar ta fi shi hankali, ita kwana goma sha biyu ta yi ta warke. Dariya ta ƙwace wa Jaye, ta farko tun daga rijiya, kuma da ta wuce sai ya ji bakinsa ya sake.

"Maigida, ba ƙafa ba ce."

"Na sani."

"Tsoro ne. In na fita, ji nake yanzu zan mutu."

"Sau nawa ka ji hakanan?"

Jaye ya ƙirga da yatsu, ya ce sau biyar.

"To sau nawa ka mutu?"

A ranar suka fara, kwana goma sha uku kafin kasuwa ta uku. Jaye ya zagayo zana ya yi taki goma zuwa wani tsohon turke, nan abin ya same shi. Gumi ya karyo masa, ƙafarsa ta juya da kanta za ta koma. Magaji ya tsuguna ya ce shi ma ya tsuguna, ya kama ba shi labarin wata tsohuwar rigimar iyakar gona tun daga kakanni, labarin da ba wanda ya taɓa jin ƙarshensa a Gidan Sori. Jaye bai ji ko kalma ɗaya ba. Abin ya hau, ya ƙara hawa, ya kai inda ya ce to yanzu kam shi ke nan. Ya runtse ido yana kalmar shahada. Sai ya ji, a hankali, ƙirjin ya ɗan saki. Numfashi ya fara isa ciki. Ya buɗe ido, ga fili nan yadda yake, ga shi nan tsugune da ransa, Magaji bai ma kai ga kakansa na biyu ba.

Wannan ya ba Jaye mamaki fiye da komai. Duk tsawon watannin nan bai san abin yana sauka da kansa ba, domin bai taɓa tsayawa ya gani ba. Kullum yana cikin hawa yake gudu, sai ya ɗauka ɗakin ne ya cece shi.

Magaji ya laluba aljihu ya fito da busasshiyar magarya guda ya miƙa masa. "Hwara tuƙa mu tahi," ya ce. Jaye ya harare shi, amma ya karɓa. Bakinsa ya bushe ƙamas, da ƙyar miyau ya zo, ya tauna ya haɗiye, sannan suka tashi suka koma a hankali, ba gudu. Daga ranar magarya ta zama ma'auninsu. Ba a komawa gida sai Jaye ya iya tauna ta.

Kashegari suka wuce turke. Rana ta uku suka kai gawon da ke tsakiyar fili, inda ba bango ko ɗaya kusa, suka yi zaman da ya fi na jiya tsawo. Safe da yamma suke fita, manomi gajere a gaba yana zuba, dogon Bafulatani a baya yana gumi, mutanen gari na leƙe ta kan danga suna cewa Magaji ya sami abin kiwo. Tani ta riƙa tsinto magarya tana cika wa mijinta aljihu. Asta kuwa Jaye ya lura tana rage nata tuwon tana tura masa, ya yi kamar bai gani ba, don in ya nuna ya gani za ta ji kunya.

Ba kullum aka ci nasara ba. Ranar da suka fara zuwa rijiyar gari, da ya ji ƙarar guga da hayaniyar masu ɗiba, bai san lokacin da ya bar Magaji tsaye da magarya a hannu ba. Ya isa ɗaki yana haki, ya ce shi ya gama, a bar Wule, haka Allah ya rubuta. Magaji bai yi masa musu ba. Da safe ya zo ya tsuguna jikin zana ya tambaya, ita Wule ranar da ta tsinke igiya a bakin rijiya, sayar da ita aka yi? Jaye ya jawo takalminsa. Suka koma gawo suka sake farawa daga nan, kuma ranar abin bai daɗe kamar da ba.

Kasuwa ta biyu ta wuce suna bakin rijiya. Ɗanasabe ya kai wa sarkin tike saƙo cewa mai saniya na nan zuwa, ya dawo ya ce Wule na nan da rai, Ado ke ba ta 'yar dusa don kada ta mutu a hannunsa. Jaye ya fara zuwa masallaci, sahun baya kusa da ƙofa, bayan kwana biyu Magaji ya ja shi tsakiya inda ba hanyar fita sai an sallame. A raka'a ta biyu abin ya zo, ya bar shi ya yi hawansa, kafin tahiya ya sauka. Bai daina zuwa ba. Abin da ya sake kawai, yanzu Jaye ya san tsawonsa.

Ranar kasuwa ta uku suka hau amalanken Ɗanasabe da sassafe, ba bargo. Jaye ya zaɓi igiya mafi kyau cikin tarin kusurwar ɗaki ya naɗe ta a kafaɗa. Sau biyu ya ce a tsaya a hanya, aka tsaya, jaki ya huta, aka ci gaba. Sun shiga Gidan Rumji rana ta ɗaga.

Tiken ya fi duk abin da suka gwada. Fili ne buɗaɗɗe cike da mutane, ga ramammun dabbobi ana ba da su a kuɗin da bai kai na buhun dawa ba, ga fatu a shanye, ga ungulaye a kan itace suna jira. Warin wurin da kukan shanun sak irin na rijiyar arewa. Sarkin tike, wani dattijo mai jan rawani, ya sa aka ja da baya aka buɗe da'ira. Ya tsayar da Ado a gefe ɗaya, Jaye a ɗaya gefen shi kaɗai, ya ce Magaji ya koma cikin mutane. Aka fito da Wule aka kwance ta. Jaye ya gan ta, fata da ƙashi, farin goshin nan ya yi datti, idonsa ya cika.

Ado ya fara kira. Mako uku yana ba ta dusa, ta san hannunsa, sai ta juya ta nufe shi a hankali. Jaye ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai wani ɗan ƙara kamar na ƙofar da ta yi tsatsa. Abin ya zo masa gaba ɗaya, ya fi na kowace rana. Fuskokin mutane suka narke, ƙasa ta karkata, wani daga baya ya yi dariya. Ya hangi amalanke can bakin tike, ƙafarsa ta ce masa ga hanya.

Sai ya tsuguna. A gaban Fulani 'yan'uwansa da Hausawa da mahauta, ya tsuguna a ƙasa ya dafa gwiwa, ya dubi sarkin tike ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci. Tsoro ne ya kama ni. Zai wuce."

 Ba a saba jin Bafulatani ya faɗi wannan kalma a kan kansa ba, balle a kasuwa. Wani tsohon makiyayi da ke tsaye da sanda ba ko akuya a bayansa ya ce a ba shi, wanda ya ga abin da suka gani bana ba ya yi wa wannan dariya. Wasu suka ce hakanan ne. Sarkin tike ya ɗaga hannu aka riƙe saniyar, ya ce Ado ya dakata.

Jaye ya jira. Abin ya hau ya kai ƙarshensa, ya tsaya can kamar ba zai sauko ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba Magaji kusa, ba labarin iyakar gona. Shi ya riƙa gaya wa kansa abin da yake gaya wa karsana a bakin rijiya, tsaya nan, ba gaba ba baya. Da ƙirjin ya fara saki ya sa hannu a aljihu, ya tarar Tani ta zuba masa magarya. Ya jefa ɗaya a baki ya tauna, mutane na kallo ba su san me ake ciki ba. Magaji kaɗai ne cikin taron ya sani, ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Ya haɗiye, ya miƙe, ya ce a sake ta. Ado ya ci gaba da kira, Wule ta kai hancinta tafin hannunsa. Jaye ya cika ƙirji ya yi kiran nan mai tsawo daga maƙogwaro, wanda yake yi mata tun tana shan nono a ƙoƙo, ya ƙare da sunanta. Saniyar ta ɗaga kai. Ya sake kira. Ta juya gaba ɗaya, kunnuwa a miƙe, ta yi wani kuka da ba wanda ya zaci akwai ƙarfinsa a jikinta. Ta taho tana tangaɗi, ta ratsa da'irar, ta zo ta kafa farin goshinta a ƙirjinsa har ta kusa kayar da shi. Jaye ya rungume wuyanta ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba.

Ado ya kakkaɓe hannu ya ce wannan ba sai sarkin tike ya yi magana ba, tasa ce. Jaye ya gode masa da dusar da ya ba ta, ya warware igiyar kafaɗarsa ya ɗaura mata.

Saniya ba ta hawa amalanke, don haka a ƙasa suka dawo, cikin filin nan, da tafiyar ramammiya. Sau ɗaya abin ya taso masa a hanya. Ya tsaya, Wule ta tsaya, Magaji ya tsaya, kafin Jaye ya kai hannu aljihu ita har ta fara tuƙa. Magaji ya ce ka gani, na ce maka ta fi ka hankali.

Sun iso Gidan Sori da yamma liƙis. Asta ta fito ta shafa saniyar daga goshi har wutsiya, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Sai maganar abin da Wule za ta ci ta taso, don a garin ko kara ɗaya bai rage a gona ba.  Magaji ya shiga gida ya fito da wuƙa, ya yanke igiyoyin zanan nan biyu da ke gaban ɗakin baƙi, ya kwantar da su, ya warware gambar ya yayyafa mata ruwan kanwa ya tura gaban saniya. Ta sa baki.

Ƙofar ɗakin ta koma tana kallon fili, ba abin da ya tare. Jaye ya tsaya ya dubi wurin da zanan suke, ya dubi mutumin da ya kafa su don shi kuma ya cire su don shi, wanda ya raba anzarsa da shi wata bakwai, ya yi kwana goma sha uku yana tsugune a rana. Godiya ta cika masa ciki har Hausar ta gagare shi.

"Mi yetti, maigida," ya ce da harshen uwarsa. "Mi yetti. In Allah ya kawo ruwa, a gonarka za ta kwana. Maraƙinta na fari naka ne."

Magaji ya ce shi da a da shanu arba'in ke yi masa taki, yau an sallame shi da guda ɗaya da alkawarin maraƙin da ba a ko yi cikinsa ba, wannan wayon Fulani har cikin yunwa. Sai ya duƙa yana ƙara wa saniya gamba.

Jaye ya zauna a bakin ƙofa, fuskarsa ga fili. Zuciyarsa ta ɗan buga, ya bar ta ta yi ta gama. Bai shiga ɗaki ba har aka kira magariba, sannan ya yi alwala a waje ya bi Magaji masallaci.